Laifin da Muka Ɗora wa Fetur

A ƙarshen shekarar 2020, duk motar da ta yi tari tsakanin Maigatari da Gumel, kafin direba ya ɗaga bonet an riga an yanke mata hukunci: mai ne. Kuma da dalili. Tun watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana sauke fetur a duk gidan man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka. Maigatari kuwa a bakin iyakar take, ka miƙa ƙafa sai Nijar. Sai ya zama ko dai ka cika tankinka tun daga nesa, ko ka sha a hannun 'yan bumburutu, a galan da jarka da kwalba, ba ka san abin da aka gauraya ba. Wani man ka ji warin kananzir, wani ka ga ruwa kwance a gindin kwalba. Don haka da motarmu ta fara misin, ni ma abin da ya fara fita daga bakina ke nan.

Na ce motarmu don ba tawa ba ce. Golf 3 ce mai dogon baya, 'yar Kwatano, ta marigayi yayana. Ya saye ta ne a shekarun da ake ta sa rai da yankin kasuwanci maras haraji da aka kafa a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki. Lissafinsa shi ne in kaya suka fara shige da fice, mai mota ba zai kwana da yunwa ba. Da Allah Ya karɓi ransa, makulli ya dawo hannuna da sharaɗin da babu wanda ya furta shi: abin da ta samo na matarsa ne da marayunsa, ni in ɗauki ladan direba. Mitarta ta tsaya tun yana da rai, ta haura kilomita 300,000, kuma bayan nan ta yi shekaru tana zirga-zirga: Alhamis kasuwar Maigatari, sauran ranaku Gumel, Gagarawa, Gujungu, Gezawa, har Yankaba a Kano, wani lokaci shatar biki zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar cikin yashi. Rufe iyaka ya rage mana fasinja, kullen korona ya zo ya ƙara danne mu. Kakar riɗi da zoɓo ta wannan shekara ita muke jira mu farfaɗo.

A daidai lokacin ta fara. Da asuba sai na yi ta ba ta wuta kafin ta kama. In ta tashi, a sulo sandar giya na rawa, madubi na kaɗawa. In babu kaya ba ka cewa komai, amma in na ɗora buhuna a baya, mutum huɗu a tsakiya, biyu a gaba, na taka totur, sai ta yi gurnani ta ƙi zuwa. In na saki ƙafa, salansa ta dinga bugawa tas-tas. Man da ke kai ni Kano ya dawo da ƙyar yake kai ni Gezawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba kullum take yin iri ɗaya ba. Yau ka ce ta warke, gobe ta fi jiya.

Aka sauke tanki aka wanke. Aka kwance kafireto, don tun tuni an cire mata injekta ta asali an mayar da ita mai kafireto yadda ake yi wa yawancinsu a nan, aka hura, aka canza matatar mai. Na daina saye a wajen yaron da na saba saye, na kuma faɗa masa magana a gaban mutane. Da hakan bai yi ba aka koma kan wuta: fulogi sababbi, wayoyinsu, koyil, murfin distiributa. Wani bakanike ya sassauta distiributar ya murɗa ta kaɗan yana sauraron inji, nan take kuwa ta miƙe, na yi murna na ba shi tukuici. Bayan 'yan kwanaki ta koma gidan jiya. Na koma, ya ƙara murɗawa. A lokacin ban fahimci cewa kullum gefe ɗaya yake murɗa ta ba, ballantana in tambayi kaina me ke ja da baya da har ake bin sa da wuta.

Daren da na tsorata, muna dawowa ne daga Kano, hunturu ya sauko, hazo ya rufe hanya. Mun wuce Gujungu muna dosar Gagarawa, motar tana ta jan jiki, sai wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, ina jin ƙauri." Ni ma na ji, na dai yi shiru ne. Na gangara gefe na ɗaga bonet. Ban ko kunna tocila ba, don babu buƙata: can bayan inji, ƙarfen da hayaƙi ke bi ya fita zuwa salansa ya yi jajawur, har haskensa na nuna wayoyin da ke kusa. Baƙin man da ya ɗiga a kansa yana ta hayaƙi. A bayan motar kuma akwai galan ɗin fetur da na ajiye saboda halin da ake ciki, a ƙarƙashin kayan mutane, kusa da wata mata mai goyo. Ƙafafuna suka ɗauki rawa. Na ce kowa ya sauka ya matsa nesa, muryata ba ta fita sosai. Muka tsaya cikin sanyi muna kallon ƙarfen yana dusashewa a hankali, wani dattijo yana ta maimaita hasbunallahu. Ba mutuwata na fara tunawa ba. Abin da ya zo mini shi ne yadda zan shiga gidan Yaya in ce motar ta ƙone.

Washegari mutum uku daban-daban suka saurari injin, bakinsu ya zo ɗaya: ya mutu, ringi sun gama, ka je Ƙofar Ruwa ka ɗauko na Beljiyam. A tasha kuwa har an fara raɗe-raɗin ko baki ne, ko wani ya yi mata wani abu. Ba zan ɓoye ba, na yayyafa mata ruwan addu'a da dare.

Na je na sami matar yayana tana yi wa yara tuwo. Na tsuguna a bakin ƙofar madafa na zayyana mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana ta tuƙi, sannan ta ce, "Baffan yara, to a fitar da san." Sa guda take kiwo, ta sa rai za ta sayar da shi gab da babbar Sallah ta yi wa babbar 'yarta kayan ɗaki. Na ce, "Yaya, a dakata tukuna." Ban san abin da nake jira ba. Kawai na kasa kai san nan kara.

Wani tsohon direban babbar mota ne ya ce in kai ta wajen wani dattijo a Gumel, wanda ya yi zamani da Peugeot 504 da Land Rover, yanzu ƙarfi ya ja baya, sai 'yan yara biyu a gindin bishiyar maina. Matasan makanikai na cewa yana da nawa, mota sai ta wuni bai taɓa sifana ba. Haka kuwa aka yi. Da na isa ya sa aka shimfiɗa mini buhu, ya fara tambaya. Yaushe ta fara? Da sanyin safiya ta fi yi ko in ta yi zafi? Tana rage ruwa? Hayaƙinta fari, baƙi, ko shuɗi? Me aka taɓa mata kafin ta fara, ba bayan ta fara ba? Na ce babu komai, Baba. Ya ce in sake tunani. Sai na tuna da damina tana yoyon baƙin mai ta gaba, na tsaya a wani gareji a hanya aka canza mata sil. Ya gyaɗa kai kawai.

Ya sa na tayar da ita. Ya naɗe hannu da tsumma ya zare wayar fulogi ta ɗaya, inji ya ƙara rawa, ya mayar. Ta biyu, haka. Ta uku, ta huɗu, duk faɗuwa iri ɗaya. "Ka gani, ɗana? Da silinda ɗaya ce ta kwanta, in na zare wayarta babu abin da zai canza, don dama ba ta aiki. Waɗannan duk huɗun suna aiki, duk huɗun kuma ba su da lafiya." Ya zagaya baya ya kara 'yar takarda a bakin salansa. Ya ce da bawul ya ƙone, da za ka ga tana tsotso takardar lokaci-lokaci. Wannan turawa kawai take yi. Ya kwance fulogai ya jera su a kan bonet bisa tsarinsu, launinsu ɗaya, babu wanda ya jiƙe da baƙin mai. Sannan ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da wani tsohon agogon awon matsi a cikin safa. Ya gwada kowace silinda. Duka sun yi ƙasa, amma kusan kai ɗaya. Ya zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ya sake gwadawa, allura ba ta wani ɗaga ba. "Da ringi ne, man nan zai toshe kafar na ɗan lokaci, allura ta hau. Wanda ya ce maka ringi, da kunne ya auna."

A nan na fara jin wani abu ya sauka daga ƙirjina, ko da yake ban san inda ya dosa ba.

Ya ce matsi in ya yi ƙasa a silinda huɗu daidai wa daida, sai a tambayi lokacin da bawul ke buɗewa da rufewa. Na ce ai an duba tayimin, har sau biyu, maki a kan maki. Ya ce zai gani da idonsa. Aka cire murfin bel. Aka juya inji da hannu har makin giyar kamshaf ya zo daidai wurinsa, makin fulin ƙasa shi ma ya zo daidai da nasa. Yaransa suka dube shi. Ni kuwa zuciyata ta sake nutsewa, na ce shi ke nan, shi ma ya ƙure.

Bai ce uffan ba. Ya sa yatsa ya shafa gindin distiributa, inda aka yi ta murɗawa, wurin zamanta na asali ya bar shaida a cikin dauɗa, ta kauce masa sosai. Ya karyo wani siririn reshe miƙaƙƙe, ya fere shi, ya zura ta ramin fulogi na ɗaya har ya zauna a kan fistin. Ya sa aka ɗaga ƙafar gaba ɗaya da jak, aka sa giya ta sama, ya ce da yaro ya riƙa juya tayar a hankali. Ni ya ce in riƙe sandan da yatsu biyu. "Kada ka kalli komai. In ka ji ya daina hawa, ka yi magana." Na ji shi yana turo yatsuna sama, sama, sama, sai ya tsaya. Na ce, "Ya tsaya, Baba." Ya ce to leƙo. Na leƙa. Fistin ya kai ƙololuwa, amma makin fuli bai iso ba, da sauran tazara kusan faɗin yatsa biyu, na kamshaf ma haka. Ya zagaya ɗaya gefen, ya ƙwaƙule wani rami a saman gidan giya da laka da mai suka toshe shekara da shekaru, wanda ni ban taɓa sanin yana nan ba, ya haska tocila. Makin da ke jikin filawil yana tsaye cif a tsakiya. Filawil da fistin bakinsu ɗaya. Fuli ne ke ƙarya, kuma duk wanda ya duba kafin shi, fuli ya tambaya.

Ya kira ni ƙarƙashin mota. Muka kwanta a kan kwali, ya nuna mini babban bol ɗin da ke riƙe da giyar tayimin a hancin karanshaf. Kewaye da kansa akwai wata jar ƙura mai laushi, ba irin jar ƙasar hanya ba. Ya lakato ya murza a tafin hannuna. "Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Tun da ka tayar da ita na ga fulin nan yana lilo."

Da aka kwance, bol ɗin bai yi wata gardama ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida. A bayan giyar akwai ɗan haƙori guda da ke shiga wani gurbi a hancin karanshaf, shi ke hana ta zamewa. Haƙorin ya cinye saura ƙiris, gurbin ya buɗe ta gefe ɗaya. Ya yi mini bayani yana juya giyar a hannunsa. Karanshaf ke jan wannan giya, ita ke jan bel, bel ke jan kamshaf mai buɗe bawul, kuma a irin wannan inji shi ke jan sandar da ke juya distiributa. Karanshaf ya zagaya sau biyu, kamshaf sau ɗaya, a cikin haka kowace silinda ta shaƙa, ta matse, ta kama wuta, ta fitar, bi da bi: ɗaya, uku, huɗu, biyu. "Ka taɓa ganin mata biyu na lugude a turmi ɗaya? Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke. In ɗaya ta makara, daka ya lalace. In ta ƙara makara, taɓare su haɗu." Giyar ta zame baya, don haka bawul na makara wajen rufewa, matsi na zurarewa. Wuta ita ma na makara, mai bai gama ci a cikin silinda ba ake tura shi waje, ya je ya ƙarasa ci a hanyar salansa. Jan ƙarfen da na gani a hanyar Gagarawa ke nan. Mai murɗa distiributa yana ta janyo wuta gaba, shi ya sa take ɗan miƙewa, amma bawul na nan a baya, giya kuma na ci gaba da zamewa. Da yake fuli a jikin giyar yake, tare suke zamewa da makinsa.

Na tambaye shi me ya jawo. Ya ce ba a canza sil ɗin gaba sai an cire wannan giya. Bol ɗin irin wanda ke miƙewa ne in an ɗaure shi. Ƙa'idarsa a sa sabo, a ɗaure da sifanar awo, sannan a ƙara masa kwatar zagaye. In aka mayar da tsoho aka buga da guduma, zai riƙe wata ɗaya, wata biyu, sannan ya fara saki. Ina tsaye a wurin ranar da aka yi aikin, ina kallo, ina ganin yaro na dukan sifana da guduma, na ɗauka ƙwarewa ce.

Wani mai walda da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce a bar shi ya like giyar da karanshaf kowa ya huta. Na so in yarda, don gobe Alhamis. Baba ya ce ba a garejinsa ba. In aka like, ranar da sil ya sake yoyo sai a yar da inji, zafin walda ma kaɗai ya isa ya ƙona sabon sil ɗin. Ya ce giya da bol da bel sai an aiko daga Kano, don bel ɗin ya sha mai ya yi laushi, shi kuma zai zauna ya gyara fuskar hancin karanshaf da hannu.

Ranar Laraba ce, 16 ga Disamba, 2020. Da yamma muna zaune, rediyon yaran na rataye a reshen maina, aka ba da sanarwar gwamnati ta buɗe iyakoki huɗu: Seme, Illela, Mfum, da Maigatari. Garin ya ɗauka. Direbobi na ta hon a kan titi. Wata goma sha shida ana jiran wannan rana, ga ta ta zo a daren kasuwa, motarmu na kan jak, hancinta a buɗe. Washegari tun asuba na zo na zauna a kan benci ina kallon motoci na wucewa arewa, Golf da Sharon da J5 da manyan motocin shanu, wasu abokan aikina na ɗaga mini hannu. Na ji haushin tsohon nan, har na kasa cin abincin da ya sa aka kawo mini. Shi kuwa yana kwance a ƙarƙashin mota da 'yar zarto da dutsen wasa, yana gogawa kaɗan, ya shafa shuɗin alli, ya kara, ya duba, ya sake gogawa. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma a kan ƙarfen ban ga ya yi rawa ba.

Kayan suka iso bayan sallar Juma'a. Ya ɗaura giya, ya sa na taka birki da giya a ciki, ya ɗaure bol da sifanar awon da ya aro, ya yi masa alama da alli ya ƙara kwatar. Ya saita tayimin da makin filawil, ya sake tabbatarwa da sandansa, ya juya inji da hannu zagaye biyu ya ga maki sun dawo wurinsu, ya mayar da distiributa kan tsohuwar shaidarta. Na murɗa makulli sau ɗaya ta kama. Sandar giya ta tsaya cak. Na fita da ita hanyar Maigatari, na taka, ta amsa, irin amsawar da rabona da ji tun Yaya na tuƙa ta ina gefensa. Sai da na gangara gefen hanya na share fuskata kafin na juyo.

Abin da na kashe gaba ɗaya, da kaya da ladansa, bai kai abin da na riga na zubar a kan fulogi da koyil da wankin tanki ba. Ya gargaɗe ni cewa hancin karanshaf ɗin ba zai ɗauki gyara na biyu ba, kada in bar kowa ya taɓa bol ɗin ba da sabo a hannu ba. San matar Yaya ya kai Sallah. Yaron mai fetur na koma wajensa, ya zuba mini bai ɗago kai ba, sai da aka ɗauki lokaci kafin ya koma gaishe ni da Baffa.

Bayan wata biyu ko uku, na shiga wani gareji a Maigatari neman iska a taya, na tarar da wani abokin aikina ana ɗaura wa Golf ɗinsa injin Beljiyam. Ya sayar da gonar gadonsa ta wajen Gagarawa ya sayo shi. Tasa ma misin ta yi ta yi, ba ƙarfi, ga shan mai, aka ce fetur ɗin bumburutu ya kashe ringi. Tsohon injin na yashe a gefe a kan taya, 'yan gwangwan sun riga sun yi masa kuɗi. Na tsuguna na leƙa gindin fuli. Jar ƙurar na nan kewaye da bol. Na kama fulin da hannu biyu na girgiza, ya motsa.

Na daɗe a tsugune ina shawarar ko in yi shiru, tunda gona ta riga ta tafi. Daga baya na kira shi gefe na nuna masa, na gaya masa abin da aka samu a tamu. Ya murza ƙurar a yatsunsa, ya dubi sabon injin da ke lilo a jikin sarƙa, ya dubi tsohon. Sai ya je ya mayar wa 'yan gwangwan kuɗinsu, ya ce in taimaka masa mu ɗora shi a bayan motarmu mu kai Gumel.